Tambaya da amsa: Jihar da ban sha mai a cikinta ba, tana bina haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tirela ɗaya a jihar Ohio ta Amurka, ina jigila zuwa jihar New Jersey. A gida nake cika tanki, Pennsylvania kuwa ratsawa kawai nake yi. Wani abokin aiki ya ce tun da ban sayi dizal a can ba, ba sai na sa milolinta a rahoton IFTA ba, wato tsarin raba harajin man manyan motoci tsakanin jihohi. Shekara guda haka nake yi. Yanzu ga wasiƙar masu bincike ta iso, barci ya gagare ni. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, abin yana gyaruwa, amma za ka biya.

Wannan fatawa ta tashar motoci ta ishe ni. Kullum sai na ji ta, kuma daga bakin mutanen da ba su taɓa cika takardar da hannunsu ba. IFTA ba ta tambayar inda ka sayi mai don ta yanke abin da ake binka, inda ka ƙona shi take dubawa. Harajin da ka biya a famfo ajiya ce kawai, sai ƙarshen wata uku a yi lissafi a raba wa jihohi gwargwadon titinsu da ka taka.

A ce ka yi mil 30,000 a zango ɗaya na wata uku da galan 5,000, wato mil 6 kowane galan. Idan mil 3,000 daga ciki a Pennsylvania ne, ka ƙona galan 500 a can ke nan, ko da ba ka tsaya shan ruwa ba. Harajinsu ya haura santi 70 a galan, na Ohio 47 ne. Ohio za ta rage maka na man da ka fita da shi, ka cika bambancin. Ɗan wannan bambanci ne abokin naka ya sa ka guje wa, ya jawo maka kuɗin ruwa da tara.

Kuma yaya yake tsammanin za a ɓoye? Babbar hanyar I-80 kaɗai ta ratsa Pennsylvania fiye da mil 300. Mai bincike zai ajiye takardar ɗaukar kaya daga Columbus ta Ohio gefen ta saukewa a Newark ta New Jersey, ya duba awon mil na motar, ya tambaye ka ko fiffike gare ta. Tafiya ba kaya ma ana ƙirgawa, haka zuwa gareji ko komawa gida.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne takardunka. Idan aka ga ba su wadatar ba, masu bincike suna da ikon ɗauka cewa mil 4 kawai motarka ke yi a galan, sai galan 500 ɗin nan su zama 750. Man da ba shi da rasit mai kwanan wata, sunan gidan mai, yawan galan da lambar mota, ba za a lissafa maka harajinsa ba. Kada ka dogara da na'urar ELD mai rubuta awannin tuƙi: dokar awannin tuƙi wata shida ta ce a ajiye bayanai, IFTA shekara huɗu take so. Sauke abin da ya rage a ciki yau ɗin nan.

Ka amsa wasiƙar kafin wa'adi, ka tattara rasit da takardun kaya, ka samu akanta da ya san harkar tireloli. Rahoton da ke tafe kuwa ka cika shi daidai, jiha bayan jiha. Ranakun su ne 30 ga Afrilu, 31 ga Yuli, 31 ga Oktoba da 31 ga Janairu, ko da motar ba ta motsa ba.