Tambayoyin Lafiya: Sinadarin Tawurin da Lemon Ƙarin Kuzari

Tambaya: Likita, ni direba ne a hanyar Birnin Kebbi zuwa Yauri. An ce tawurin da ke cikin lemon ƙarin kuzari yana kare jiki daga lalacewa. Gaskiya ne?

Amsa: Malam direba, akwai gaskiya a ciki. Yayin da jiki ke sarrafa abinci da iskar da muke shaƙa, yakan fitar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Tawurin yana taimaka wa sashen ƙwayar da ke samar da kuzari ya rage fitar da su, kuma idan fararen ƙwayoyin jini suka saki asid mai ƙuna domin kashe ƙwayoyin cuta, shi ne yake haɗuwa da ragowar asid ɗin ya rage masa kaifi, kada ya ƙone naman jiki. Yana kuma da yawa a zuciya da tsoka da ƙwayar ido.

Abin da ke damuna shi ne abin da ke tafe da shi. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da miligiram 1,000 na tawurin, amma har da miligiram 80 na sinadarin kafin (irin wanda ke cikin kofi) da kusan giram 27 na sukari. Kafin ɗin ne ke buɗe maka ido, kuma yana iya sa bugun zuciya ya yi sauri, musamman ga mai hawan jini. Idan barci ya kama ka, ka tsaya ka runtsa.

Tambaya: Wata uwa daga Jega tana tambaya, shin daga maniyyin bijimi ake samo tawurin?

Amsa: A'a, Hajiya. A 1827 masana biyu na Jamus suka fara tace shi daga ruwan maɗaciyar sa, amma na yau a masana'anta ake harhaɗa shi.

Tambaya: Wani dattijo daga Argungu ya ji cewa yana ƙara tsawon rai. Ya sayi ƙwayar tawurin?

Amsa: Baba, binciken da mujallar Science ta buga a 2023 ya nuna ɓerayen da aka ba tawurin sun fi sauran daɗewa da kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, amma ba a tabbatar da haka ga mutum ba. Hantarka tana haɗa nata, kifi da nama kuma suna cike saura. Gara ka kai kuɗin ƙwayar wurin masunta. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya sha sai ya ga likita.