Amsa ga ƙanwarmu mai son yin fim a kan bola a Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce ku ɗalibai ne a Samaru, kuna son yin gajeren fim a kan bola da ledar da ke toshe magudanan ruwa, amma waya kaɗai gare ku, kuma kina shakkar ko zai yi amfani. Na taɓa yin irinsa ina ABU.

Wayar ta isa. Inda muka sha wuya wajen mutane ne. Ranar farko muka dira wata unguwa a Tudun Wada ba sallama, muka saita waya a kan lambatun da ya cika da ledar fiya wata. Sai ga wata tsohuwa ta leƙo daga zaure: "Ku 'ya'yan nan, tona mana asiri kuka zo yi?" Wallahi gaskiyarta. Washegari muka je muka gaida mai unguwa, muka yi masa bayani, ya haɗa mu da yaronsa. Iyan nan kuwa ita ta riƙe fim ɗin daga baya. Ta shigar da mu ɗakinta, ta nuna mana shatin da ruwan damina ya bari a bango, ya kai gwiwa, ga tabarmarta rataye a kan ƙusa saboda ƙasan bai gama bushewa ba.

Kada ku ce sai kun ɗauki Zariya kaf. Ku zaɓi lambatu ɗaya ku bi shi. Namu mun bi shi har inda ya zube a rafin Kubanni, muka tarar da masu lambu suna ban ruwan latas da kabeji da shi, kayan da gobe za mu saya a kasuwa. Su ma kada ku zarge su, ku bari su yi magana, ruwan da suka samu ke nan.

Ku kula da sauti. Ƙarar babura da Keke Napep tana cinye hira, don haka ku yi ta cikin zaure da sassafe, waya ta biyu kusa da bakin mai magana. In kuma hoton ambaliya kuke so, sai watan Agusta, na hayaƙin ƙona bola kuma da hunturu.

Kafin ku ɗora a Facebook ko TikTok, ku fara nuna wa masu unguwar. Mun ari majigi, muka kafa farin zani a ƙofar gidan mai unguwa bayan isha'i. Da Iya ta bayyana, wurin ya yi tsit. A cikin makon samari suka yi gayya suka yashe lambatun.

Bai daɗe ba ya sake cika, domin babu inda mutane za su kai shara, kuma wannan har yau yana damuna. Ku kada ku maimaita kuskurenmu: ranar nunawa ku gayyato kansila da liman da 'yan bola jari, a tsayar da wurin zuba shara da mai kwashewa kafin a watse. In kun shirya ki yi mini magana, ni zan raka ku gaida mai unguwa.