Ƙarfe mai huji-huji a ɗakin janareta

Malam, ka tambaya ko farantin ƙarfe mai huji-huji zai dace da ɗakin janaretan masana'antarka ta Kakuri, ya kuma rage ƙara. Zai dace wajen fitar da zafin inji, amma shi kaɗai ba ya rage ƙara, sai an shimfiɗa audugar gilashi, wato wani abu mai kama da auduga da ake yi da zaren gilashi, a bayansa, domin ita ce take shanye sautin, a bar wani sashe a buɗe saboda iska.

Idan ka je kasuwar Panteka ta Kaduna, ka nemi farantin da aka lulluɓe da sinadarin zinki don hana tsatsa, ko na alminiyum. Na ga baƙin ƙarfe da damina ɗaya ta sa tsatsa ta ci bakin ramukansa, domin nan ne fenti yake fara ɓarewa.