Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Bulon Ƙasata Ke Marmashewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na buga bulon jar ƙasa da injin matsawa na hannu, na zuba siminti, amma bayan mako biyu gefensa na marmashewa, wasu kuma sun tsattsage. In ƙara siminti ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar ƙara siminti, domin galibi laifin ba nasa ba ne. Fara da duba ƙasar. Ta saman nan mai duhu, mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, ta noma ce. Tana hana siminti kamawa. A kwashe ta gefe, a haƙo ta ƙarƙashinta. Sai ka sami kwalba mai faɗin baki, ka zuba ƙasar zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka cika da ruwa, ka sa ɗan gishiri, ka girgiza sosai ka ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta cikin minti ɗaya, lallausan turɓaya ta biyo baya, yumɓu kuwa sai ya kwana kafin ya zauna a sama. Abin da ake nema shi ne yashi ya kai rabi ko ya ɗara, yumɓu kuma ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari. In yumɓu ya yi yawa, bulon yana ƙanƙancewa idan ya bushe, shi ne tsagewar da ka gani, maganinta kuwa ƙara yashi. In yumɓun ya yi kaɗan, babu abin da zai riƙe ƙwayoyin, sai kusurwa ta ɓalle tun wajen ɗaga shi daga inji.

Na biyu, haɗi. A busar da ƙasar, a daddaka wadda ta dunƙule, a tace da rariyar waya mai ido kamar milimita 10. Siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ya wadatar, wato bokitin siminti 1 ga bokitin ƙasa 19 a ƙasa mai kyau, ko 1 ga 12 inda bangon zai sha ruwa. A gauraya su a bushe har launin ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa da garwar ban ruwa. Ba kwaɓi ake yi ba, danshi kawai ake so. Ka dunƙula cikin tafin hannu, ka saki daga tsayin kamar mita 1. In ya fashe gida huɗu zuwa bakwai, ya yi. In ya watse kamar gari, ruwa bai isa ba. In ya faɗi a dunƙule bai fashe ba, ruwa ya wuce kima. Kuma a haɗa abin da za a iya bugewa cikin awa ɗaya kawai, don siminti yana fara kamawa da zarar ya ji ruwa.

Amma abin da muka fi zargi a naka shi ne shanya. Mutane sun saba da tubali, suna bugawa su baza a rana. Bulon da ke da siminti ba haka yake so ba: da ruwa siminti ke yin ƙarfi, in rana ta zuƙe danshin da wuri, ya tashi aiki ke nan. A jera shi a inuwa, a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma na mako ɗaya zuwa biyu, sannan a bar shi ya bushe a hankali. Kada a ɗora shi a gini sai ya cika kwana 28.

Tambaya: Malam, mene ne bambancinsa da tubali, kuma zai jure damina?

Amsa: Bambancin matsi ne. Tubali da laka ake yin sa, ruwan ya ƙafe ya bar ƙananan ramuka. Wannan kuwa inji ne ke danne ƙasa mai ɗan danshi har ta koma kusan kashi 60 cikin ɗari na tsayinta a akwatin. Injin hannu da ya yaɗa aikin, CINVA-Ram, injiniya Raúl Ramírez ne ya ƙera shi a Kolombiya a shekarun 1950. Girman da aka fi bugawa santimita 29.5 ne a tsawo, 14 a faɗi, 9 a kauri, nauyinsa kilo 7 zuwa 8, don haka buhun siminti mai kilo 50 kan ba da bulo wajen 130 a haɗin kashi 5. Ba a gasa shi, ba a sare itace saboda shi, ga bangon yana jinkirta shigar zafin rana cikin ɗaki.

Damina kuwa zai jure ta idan an kare gindin bangon da samansa. Harsashin ya zama na dutse ko kankare, ya ɗaga aƙalla santimita 30 daga ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta kafin jerin farko don kada danshi ya hau. Rufi ya zarce bango da rabin mita ko fiye. Ruwan da ke fallatsowa daga ƙasa da wanda ke kwanciya a gindin bango sun fi na sama ɓarna.

Tambaya: Filastar da na yi wa bangon tana ɓamɓarewa falle-falle. Ina mafita?

Amsa: Ta fi bangon tauri, shi ya sa ba sa motsi tare, danshi kuma ya maƙale a bayanta. A kankare ta, a goge ƙura, a jiƙa bangon, a yaɓa mai laushi, siminti 1 ga yashi 8, siriri hawa biyu. In bulon ya fito da santsi kuma rufi ya kare shi, gyara layukan da ke tsakanin bulo da bulo kaɗai ya isa, ba sai an yi filasta ba.