Tambayoyinku: Manhajar da Ta Daina Magana da Google Sheets

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An damƙa mini wata tsohuwar manhajar lissafin kaya, wadda ke karantawa da rubutawa a Google Sheets ta adireshin da ya fara da spreadsheets.google.com/feeds. Yanzu ko alamar amsa ba ta samu. Akwai dabarar farfaɗo da wannan hanya, ko sai an sake gini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wannan hanya ta rufe, kada ka ɓata lokacinka a kanta. Adireshin na siga ta 3 ne ta API ɗin Google Sheets, wato ƙofar da manhajoji ke bi su yi magana da teburin. Google ya fitar da siga ta 4 a 2016, ya yi ta ɗage ranar rufe tsohuwar har ya rufe ta a Agustan 2021. Idan kuma manhajar tana shiga da imel da kalmar sirri kai tsaye ta ClientLogin, shi ma tun 2015 aka kashe shi.

Ƙaura zuwa siga ta 4 ba ta da wuya. Buɗe sabon aiki (project) a Google Cloud, ka kunna Sheets API, ka ƙirƙiri asusun hidima, wato asusun da manhaja ke amfani da shi ba mutum ba. Za a ba shi adireshin imel nasa. Je ka raba teburin da wannan adireshin, ka ba shi izinin gyara. Da yawa suna mantawa da wannan, sai su yi ta samun kuskure 403, wato rashin izini, suna zargin lambobin manhajarsu.

Wahalar tana wurin daidaita bayanai, kuma nan nake so ka natsu. A siga ta 3 kowane layi yana zuwa da adireshinsa na gyara. A siga ta 4 kuwa da matsayi kake kiran bayani, kamar A2:F2. To matsayi ba shaida ba ne. Ka ɗauka manhajarka ta karanta cewa buhun siminti yana layi na 14. Kafin ta dawo ta rage adadinsa, wani ma'aikaci ya jera teburin bisa haruffa, ko ya saka sabon layi a sama. Layi na 14 ya koma fenti, manhajar ta rubuta adadin siminti a kansa, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya da zai fito. Wannan ɓarna ta fi tsayawar manhaja muni, don ba a gane ta sai lissafi ya ƙi daidaita.

Maganinsa shi ne ka ware ginshiƙi na farko don lambar shaida wadda manhajar ke ba kowane layi, ka kulle shi kada kowa ya taɓa sai manhajar. Kafin kowane rubutu, karanta wannan ginshiƙin, ka gano inda lambar take a yanzu, sannan ka rubuta nan take. Sai kuma ka yanke wa ke da ikon kowane ginshiƙi: waɗannan manhaja ce kaɗai ke rubuta su, waɗancan mutane ne kaɗai. A ganina barin ɓangare biyu su riƙa gyara akwati ɗaya neman rigima ne, domin wanda ya rubuta a ƙarshe shi ke share na farko. Kada kuma a goge layi. A sa masa alamar an soke, don manhajar ta san abin da ya faru.

Kula da yadda kake aika ƙima. Da zaɓin USER_ENTERED, teburin yana fassara abin kamar mutum ne ya buga shi, sai lamba irin 00451 ta koma 451. RAW yana ajiye ta yadda take. Wajen karantawa kuma, API ɗin ba ya dawo da akwatunan da ke fanko a ƙarshen layi, don haka layi mai ginshiƙi 6 zai iya zuwa da ƙima 4 kawai. Cike gurbin da kanka kafin ka sarrafa shi.

Tambaya: Malam, na riga na koma siga ta 4, amma aikin yana katsewa da kuskure 429, kuma duk mako sai na sake ba da izini.

Amsa: Matsala biyu ce daban. 429 na nufin ka wuce ƙa'idar yawan buƙata: ta asali ita ce karatu 300 a minti ga aikin Google Cloud ɗaya, 60 ga kowane mai amfani, haka ma rubutu. Galibi manhajar tana aika layi ɗaya ɗaya ne. Haɗa su da batchGet da batchUpdate, umarnin karantawa da na rubutawa a dunƙule, layi 500 su tafi a buƙata guda. In duk da haka an ƙi ka, jira daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, kana ninkawa. Kuma ba sai ka karanta teburin duka kowane lokaci ba. Tambayi Drive API lokacin gyara na ƙarshe, in bai canza ba ka bar shi.

Batun mako kuwa, manhajarka tana matakin gwaji ne a shafin izinin OAuth, wato tsarin da mai asusu ke ba manhaja izini da shi, inda makullin sabunta izini ke mutuwa bayan kwana 7. Ka mayar da ita matakin aiki, ko ka koma asusun hidima idan teburin naku ne na cikin gida.