Kuɗin magani ko kuɗin jirgi?

Tambaya: Mahaifinmu ɗan shekara 70 ne. Likita ya ce cutar Parkinson ce ke sa masa karkarwar hannu da jan ƙafa, ya ɗora shi kan levodopa, amma kuɗinsa ya yi mana nauyi. Mai kemis ya ce mu koma Artane don ya fi araha, yayanmu kuma ya dage a kai shi Indiya a yi masa aikin ƙwaƙwalwa. Wanne za mu ɗauka? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ku riƙe levodopa. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara amfani da shi, kuma har yau babu ƙwayar da ta kai shi sakin jikin mai wannan cuta. Artane yana rage karkarwa, amma bai cika taɓa nauyin jiki ba, ga tsoho kuwa yakan jawo ruɗewa, mantuwa da riƙewar fitsari. Araha ba ta ado. Ku roƙi likita ya rubuta levodopa haɗe da carbidopa (mai hana tashin zuciya) na kamfani mai sauƙin farashi, mai lambar NAFDAC, ba dole sai samfurin da ake kira Sinemet ba. Kada a yanke shi kwatsam, akwai haɗari. A ba shi rabin awa kafin abinci, domin nama, wake da nono suna rage wa maganin ƙarfi, haka ma ƙwayar ƙarin jini.

Aikin da yayanku ke nufi gaskiya ne. Ana dasa siraran wayoyi a cikin ƙwaƙwalwa, a haɗa su da batir a ƙarƙashin fatar ƙirji. Amurka ta amince da shi ga cutar da ta yi nisa a 2002, a 2025 kuma ta amince da samfurin da ke daidaita kansa. Sai dai ba ya warkarwa. Ana yi wa wanda levodopa ke karɓarsa amma ƙarfin maganin ya fara ƙarewa tun kafin lokacin shan na gaba, kuma ba a yi wa mai mantuwa sosai. Bayan an dawo sai an riƙa saita na'urar. Wa zai saita muku? Ku tambayi yayanku wannan kafin ya sayar da fili. A ganina, ku sa kuɗin a maganin da ba ya yankewa, da likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa na Shika, da motsa jiki kullum.

Tambaya: Na ga ana tallar garin karara a Facebook, wai ya fi maganin asibiti. In saya? Daga wani malami a Maraɗi.

Amsa: Malam, 'ya'yan karara suna ɗauke da levodopa, an ma gwada su a bincike saboda ƙasashen da magani ke tsada. Matsalar ita ce babu ma'auni, ba ka san nawa ke cikin cokali ba, kuma babu carbidopa da ke hana tashin zuciya. In kana samun ƙwayar asibiti, ka bar garin. Haɗa su biyun ba da sanin likita ba kuwa, kada ma ka fara.