Me ya sa inuwar hoto ke maƙalewa a gilashin wayar OLED?

Tambaya: Ni mai gyaran waya ne a Kano. Ana yawan kawo mini wayoyi masu gilashin OLED, inuwar kibod ko alamar batir ta zauna a kai ta ƙi gogewa, farin kuma ya koma ruwan ɗorawa. Mene ne sanadi? Sabbin sinadaran da ake ta labari za su magance shi?

Amsa: Malam, laifin shuɗi ne. Gilashin OLED ba shi da fitila a baya irin na LCD. Kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, ja, kore ko shuɗi, idan lantarki ya ratsa wasu sinadarai masu tushen kabon. Ching Tang da Steven Van Slyke suka ƙera na farko mai inganci a kamfanin Kodak a 1987.

Hasken shuɗi ya fi sauran ƙarfi, har ƙarfin nasa kan tsinka haɗin ƙwayoyin sinadarin da ke fitar da shi, shi ya sa ɗigon shuɗi ke riga sauran tsufa. Inda hoto ɗaya ya daɗe tsaye, ɗigunan wurin sun ci wuya fiye da maƙwabtansu, inuwar ke nan. Da shuɗi ya dushe, ja da kore sun rinjaye shi, sai fari ya yi ɗorawa. Babu manhajar da za ta dawo da abin da ya riga ya ƙone, sai canjin gilashi.

Sinadaran farko kashi 25 cikin 100 kacal na kuzarin da ke shiga suke iya mayarwa haske. A 1998 Stephen Forrest da Mark Thompson da abokan aikinsu a Amurka suka nuna cewa ƙarfe mai nauyi a tsakiyar ƙwayar yana ceto sauran kashi 75. Ja da kore na wayoyin yau da irin wannan ƙarfe, iridiyam, suke aiki. Shuɗin irin wannan kuwa ya daɗe yana ba masana wahala, don kuzarin kan jima a cikin ƙwayar kafin ya fita, yana yi mata ɓarna. Ga iridiyam da tsada, mafi yawansa ma daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi.

A 2012 Chihaya Adachi na Jami'ar Kyushu a Jafan ya fito da wasu sinadarai da ake kira TADF, masu cin wannan riba ba tare da ƙarfe ba. A ganina nan ne hanya, amma shuɗinsu ma bai gama samun tsawon rai ba. LG kuwa a 2022 ya sa ditiriyam, wato haidirojin mai nauyi, a talabijin ɗinsa don haɗin ƙwayoyin sinadarin ya ƙara ƙwari.

Kada sunan QLED ya ruɗe ka: yawancin waɗannan talabijin LCD ne da aka ƙara wa shimfiɗar ƙananan ɗigo masu gyara launi.

Ka shawarci masu wayar su rage haske, su sa baƙin bango, su rage lokacin da gilashi ke zama a kunne. Zafi na hanzarta lalacewar, don haka barin waya a gaban mota da rana a watan Afrilu, tana caji, taswira kuma a buɗe, ganganci ne.